Da Ayari Zuwa Masar A Zamanin Annoba

Daga Wakilinmu

Tun ina ɗan makaranta na ke jin labarin dalolin Masar da kogin Nilu, amma ban taɓa zaton ran da Allah zai kai ni can zan je da ƙyalle a hanci, da kwalbar man wanke hannu a aljihu, da wata 'yar takarda wadda na fi tsoron ɓatanta bisa ɓatan fasfona ba. An yi wannan tafiya ne a ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2021. Littafin da na yi ta rubutu a cikinsa ya daɗe a ajiye, sai yanzu da ƙura ta lafa na ga ya kamata in buɗe wa masu karatu shi, domin abin da ya same mu a hanya bai kamata a manta da shi tare da annobar ba.

Mai karatu zai tuna cewa an fara samun cutar korona a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a birnin Ikko. Cikin watan Maris aka rufe filayen jiragen sama, ba a kuwa bar jiragen ƙasashen waje sun koma sauka ba sai ran 5 ga Satumba. Ita Masar ta riga mu buɗe ƙofa, tun ran 1 ga Yuli, kuma tana da dalili. Baƙi wajen miliyan 13 suka ziyarce ta a 2019, amma a 2020 ko miliyan 4 ba su cika ba. Da otal-otal suka zauna wayam sai farashi ya karye. Faɗuwar wani tashin wani, in ji Hausawa. Wannan arahar ce ta sa da na ga wani kamfanin yawon buɗe ido ya yi shelar tafiyar kwana goma ta haɗin gwiwa, na nemi hutu a ofis, na kwashe ɗan abin da na tara na biya.

TAKARDU KAFIN GUZURI

A da matafiyi guzuri ya ke fara haɗawa. Mu takardu muka fara haɗawa. Ban da fasfo da biza, akwai katin rigakafin shawara, da katin rigakafin korona, sa'an nan uwa-uba takardar gwajin da a ke kira PCR, wadda tilas a yi ta cikin awa 72 kafin tashi. Gwajin nan ba daɗi gare shi ba: tsinke ne mai auduga a ke zura wa mutum a hanci har sai hawaye ya zubo, kuɗinsa kuwa a Ikko a lokacin ya kai wajen N50,000. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne jiran sakamako, domin mutum ya riga ya biya jirgi da masauki, ya yi sallama da dangi, amma bai san ko zai tafi ba sai ana jajibirin tashi.

Mutum 21 muka biya kuɗi, 19 muka tashi. Wata mata gwajinta ya nuna tana ɗauke da cutar ko da ya ke ko mura ba ta yi, mijinta kuwa ya ce ba zai bar ta ba. Muka ji labarin a filin jirgin sama na Murtala Muhammed ran Lahadi 21 ga wata, muka jajanta, amma gaskiya kowa a ransa murna ya ke yi da ba shi ba ne.

Ayarin namu ƙaramar Nijeriya ce: 'yan kasuwa, malaman makaranta, wani lauya da matarsa, 'yan mata biyu ma'aikatan banki. Madugunmu wani saurayi ne ma'aikacin kamfanin, mai haƙuri ƙwarai, wanda ya ke da wata al'ada: mota ba ta motsawa sai ya bi kujeru yana ƙirga mu da ƙarfi, daga ɗaya har goma sha tara. Da farko dariya mu ke yi masa, muna cewa ya mai da mu awaki.

Dattawa biyu ne suka fi kowa fice. Ɗaya Alhaji ne, ɗan kasuwar goro daga Sabon Shagamu, wanda 'ya'yansa suka biya masa tafiyar don ya huta. Mutum ne mai raha da kyauta, amma ya tsani takunkumi, kullum nasa yana ƙarƙashin haɓa. Ɗayan kuwa Bayarabe ne mai ritaya, ya haura shekara saba'in, tsohon ma'aikacin tsabta wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a ƙauyukan Arewa, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shi ne mai tsawatar wa kowa, saboda haka muka sa masa suna Baba Duba-gari. Tun daga cikin jirgi suka fara.

"Alhaji, ja abin nan ya rufe hanci. Ba don gemu aka yi shi ba."

"Malam Duba-gari, ka yi ritaya ko kuwa da saura? Bar ni in shaƙi iskar Allah."

GINDIN DALA

Bayan tafiyar wajen awa biyar muka sauka Alkahira. Kafin a dubi fasfo sai da aka dubi takardar lafiya, aka auna zafin jikin kowa. Kashegari motar safa ta kai mu Giza, a gaɓar yamma ta kogin Nilu. Lalle gani ya kori ji. Babbar dala, ta Fir'auna Kufu, an gina ta shekara wajen 4,500 da suka wuce, da duwatsu fiye da miliyan 2, tsawonta kuwa sa'ad da aka gama ta ƙafa 481 ne, watau mita 146. Shekaru dubbai ta yi babu wani gini na ɗan Adam da ya kai ta tsawo. Kusa da ita ga ta Kafra da ta Mankaura, a gangare kuma ga gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum wanda Larabawa ke kira Abul Haul.

Mun sha hoto yadda mu ke so, ba turereniya, ba dogon layi, har wata daga cikin 'yan matan ta ce ai annoba ta yi mana gata. Jagoranmu, wani Bamisire mai digiri a fannin tarihi, ya ji ta, bai ce kome ba sai da muka koma mota. Sa'an nan ya gaya mana cewa baƙi sun fara dawowa, amma a watannin da aka rufe wuraren nan a 2020 shi kansa tuƙin motar haya ya koma, waɗansu masu raƙuma da dawaki kuwa sai da suka sayar da dabbobinsu saboda ba abin ciyar da su. A nan na gane dalilin da masu raƙuma suka yanyame mu, kowa yana karya farashin ɗan'uwansa. Sararin da mu ke jin daɗinsa, a wurinsu tukunya ce da ba a ɗora ba. Alhaji ya hau raƙumi, ya biya ninkin abin da aka ce masa, ya kuma ba mai raƙumin goro.

SARKI MAI ZANEN AGANA

Kwana huɗu muka yi muna zaga Alkahira. A tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir muka ga fuskar zinariya ta Tutankamun, yaron sarkin nan wanda Howard Carter ya gano kabarinsa a 1922. A yau kayansa suna sabon babban gidan tarihi na Giza, wanda aka buɗe a Nuwamba, 2025, amma a lokacin fuskar tana Tahrir. Muka ga masallacin Azhar, muka kutsa kasuwar Khan al-Khalili inda kowa ya yi tsaraba.

Wurare biyu ne suka tsaya mini a rai, dukansu kuwa saboda annoba. Na farko shi ne gidan tarihi na Fusɗaɗ, inda aka mai da gawawwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 ran 3 ga Afrilu, 2021, cikin wani gagarumin jerin gwano. Ɗakin da aka ajiye su yana ƙarƙashin ƙasa, da duhu-duhu da sanyi, ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaga murya. Muna bi ɗaya bayan ɗaya, ga Ramsis na Biyu, ga sarauniya Hatshebsut, sai jagora ya tsai da mu gaban Ramsis na Biyar, wanda ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Ya ce mu dubi fuskarsa da wuyansa. Ga ƙuraje nan birjik a busasshiyar fata, waɗanda masana suka ce alamun agana ne.

Baba Duba-gari ya daɗe a tsaye. Da muka fito ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna mini tabon lamba a damtsensa. Ya ce yana saurayi aka ɗauke shi cikin masu bi ƙauye-ƙauye suna yi wa mutane lamba, a yaƙin da aka yi da agana a ƙarshen shekarun 1960. "Ɗana," in ji shi, "cutar da ta kashe wancan sarki, da idona na ga ƙarshenta. Ba da ƙarfin gwamnati kaɗai aka kore ta ba. In muka shiga gari, abin da mu ke roƙo ɗaya ne, kada a ɓoye mana mai ciwo. Garin da ya ɓoye, shi ya ke binne yara." A 1980 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da agana daga doron ƙasa.

Na biyu shi ne masallacin Sultan Hasan, a gindin ganuwar Salahuddin, wanda aka fara gininsa a 1356. Gini ne wanda in mutum ya ɗaga kai don ya ga ƙarshensa sai hularsa ta faɗi. Shekaru kaɗan kafin a fara shi, a 1348 da 1349, wata baƙar annoba ta ratsa Alkahira ta kashe jama'a ba iyaka, masu tarihi kuwa sun ce dukiyar waɗanda suka mutu ba magada, wadda ta koma baitulmali, tana cikin abin da aka yi aikin da shi. Muka tsaya a tsakar masallacin da takunkumanmu, a birnin da ya ga annobar da ta fi tamu muni nesa ba kusa ba.

LABARI YA ISKE MU A JIRGIN ƘASA

Daren Alhamis 25 ga wata muka kalli bikin buɗe hanyar gumaka ta Luksor a talabijin ɗin otal, muna murna domin can muka nufa. Ran Juma'a da dare muka shiga jirgin ƙasa mai gadaje, wanda ya ke kwana yana bin gaɓar Nilu zuwa kudu. Ba mu yi nisa ba wayoyi suka fara ƙara. Masana a Afirka ta Kudu sun ba da labarin wani sabon nau'in cutar, a ran nan kuma, 26 ga Nuwamba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa masa suna Omikron. Ƙasashen Turai da Amurka suka shiga rufe ƙofa ga ƙasashen kudancin Afirka. Kowa ya fito lungun tarago yana karanta wa ɗan'uwansa abin da ya gani. Tambaya ɗaya ce a bakin kowa: in Nijeriya ta rufe filayen jirginta kamar yadda ta yi a 2020, ina za mu kwana?

Da wannan nauyi a zuciya muka ga Luksor, abin tausayi kuwa, domin gari ne da ya cancanci a gan shi da kwanciyar rai. Hanyar gumakan tsawonta ya kusa kilomita 3, ta haɗa haikalin Karnak da na Luksor, da gumaka jere dama da hagu. A Karnak akwai zaure mai ginshiƙai 134, manyansu sai mutane da yawa sun haɗa hannu kafin su kewaye ɗaya. A hayin kogi ga Kwarin Sarakuna, mai kaburbura fiye da 60 da aka sassaƙa cikin dutse, fentin bangonsu kamar jiya aka shafa. Amma rabin ayarin idonsu na kan waya. A ramin kabari, inda iska ba ta zagawa, har Alhaji ya ja takunkuminsa sama ba wanda ya ce masa. Da yamma muna cikin jirgin ruwa mai filafili na ji yana tari. Ya ce sanyin jirgin ƙasa ne. Na yarda, domin haka na ke so ya zama.

SHA TAKWAS DA ƊAYA

Dokar Nijeriya a lokacin ita ce ba mai hawa jirgin komawa gida sai da sabuwar takardar gwaji, da rajista a shafin gwamnati na intanet, da biyan kuɗin wani gwajin da za a yi bayan an sauka. Muka koma Alkahira ran Litinin 29 ga wata, aka yi mana gwaji. Ran Talata, ranar da Kanada ta sa Masar da Nijeriya duka biyu cikin jerin ƙasashen da ta hana wa shiga, madugu ya tara mu a zauren otal da takardu a hannu. Sha takwas lafiya. Ta Alhaji ce ta fito da cutar.

Nan da nan aka keɓe shi a ɗakinsa. Jikinsa da sauƙi, tari ne da ɗan zazzaɓi, kuma ya yi rigakafi. Amma ga tsoho wanda ba ya jin Turanci, Larabcinsa na salla ne, kuɗin hannunsa sun tafi a tsaraba, jirgi kuwa gobe da safe. Madugu ba shi da ikon tsayawa, domin akwai sauran mutane a wuyansa. Da aka bincika, sai aka tarar ba wanda ya sayi inshorar da ta ƙunshi irin wannan zama in ban da mutum uku, Alhaji kuwa ba ya cikinsu.

A daren nan ne wani daga cikinmu ya zo da magana ƙasa-ƙasa. Ya ce an haɗa shi da wani mutum a gari wanda in an ba shi dala kaɗan zai buga takarda mai tambari, ba mai iya bambanta ta da ta gaske. Ya ce taimako ne, a kai tsoho gida cikin iyalinsa ya yi jinya. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ban ce a yi ba, amma ban ce kada a yi ba. Na yi shiru, ina lissafin cewa in aka yi haka kowa ya huta. Da yawanmu haka muka yi.

Baba Duba-gari ne ya ce a tambayi mai abin. Aka kira ɗakin Alhaji a waya, aka buɗe murya kowa yana ji. Ya saurara har aka gama, ya yi tari, sa'an nan ya ce:

"Jirgin nan mu kaɗai ne a ciki?"

Aka ce a'a, akwai mutane fiye da ɗari.

"To, cikinsu akwai tsohon da ya fi ni rauni, akwai mai ciki. Shekara arba'in ina sayar da goro, ban taɓa sa ruɓaɓɓe a ƙasan huhu na rufe da mai kyau ba. Ba zan fara da jikina ba. Ku tafi, Allah Ya kai ku lafiya."

Zauren ya yi tsit. Can sai Baba Duba-gari ya karɓi wayar ya ce, "Alhaji, ni ba ofis ke jirana ba. Zan kama ɗakin da ke kusa da naka. Amma da sharaɗi, in na ƙwanƙwasa ƙofa na ajiye abinci, kada ka buɗe sai takunkumi yana kan hanci."

"Malam Duba-gari," in ji Alhaji, "ashe dai ba ka yi ritayar ba."

Kunya ta sa hannuwa suka shiga aljihu. Lauya ya ɗauki takarda ya rubuta sunaye, kowa ya kawo abin da ya rage masa, dala da fam ɗin Masar, har aka haɗa kuɗin ɗaki biyu na kwanaki. Wanda ya kawo shawarar takardar jabu, in ba shi hakkinsa, shi ya fi kowa bayarwa.

KOMAWA GIDA

Ran Laraba 1 ga Disamba madugu ya bi kujerun mota yana ƙirga, ya tsaya a goma sha bakwai. Ba wanda ya yi dariya. Muka sauka Ikko muka tarar a ran nan hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya ta ba da sanarwar samun Omikron a ƙasar. Na wuce ɗaki na kulle kaina mako guda, ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa, ɗiyata tana leƙe ta taga tana tambayar tsarabarta. Gwajina na bayan sauka ya fito lafiya, amma na ɗaya daga cikin 'yan matan bankin ya nuna ta kamu, alhali takardarta ta Alkahira ta gaskiya ce. Watau takarda ba ta faɗin kome sai halin da mutum ya ke ciki a sa'ar da aka zura masa tsinke. Abin da ya rage, amana ce tsakanin matafiyi da waɗanda ke zaune kusa da shi.

Dokoki kuwa suka yi ta sauyawa. Daga 5 ga Disamba Nijeriya ta rage wa'adin gwaji zuwa awa 48. Ran 6 ga wata Ingila ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta yi wa jan layi, ta kuma soke jerin ran 15. Duk wannan dattawan biyu suna bi ta waya daga ɗakunansu, bango ɗaya tsakaninsu. Sau biyu aka gwada Alhaji kafin takardarsa ta fito fes. Baba Duba-gari, wanda bai taɓa wasa da takunkumi ba, bai kamu ba.

Yau duk wannan ya zama tarihi. Masar ta janye sharuɗɗan shiga a Yuni, 2022, Nijeriya ta janye nata a Disamba na shekarar, ran 5 ga Mayu, 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. A 2023 baƙin Masar sun kusa miliyan 15, masu raƙuman Giza sun sami abin ɗora tukunya. Amma annoba ba ta yin sallama ta har abada, Ramsis na Biyar da masallacin Sultan Hasan shaidu ne. Wanda zai bi ayari zuwa wata ƙasa, ko da a zaman lafiya ne, ya tambayi kamfani tun kafin ya biya: in ɗayanmu ya kwanta, wa zai tsaya, wa zai biya? Ya sayi inshora, ya kuma bar wani abu a aljihu wanda ba na tsaraba ba.

Ran 13 ga Disamba da la'asar saƙo ya shigo wayoyinmu daga madugu. Hoto ne na dattawa biyu a ƙofar fita ta filin jirgin Ikeja, ɗaya da takunkumi har gindin ido, ɗaya nasa ya soma zamewa zuwa haɓa. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Goma sha takwas, goma sha tara." A ran nan ne na ɗauka tafiyarmu ta Masar ta ƙare. Allah Ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan zamani, in kuwa Ya ƙaddara mana tafiya, Ya haɗa mu da abokan hanya na gari, amin.